Wace iska ce ta girgiza moton Alhaji a hanyar Tasawa?

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi mana shari'a ni da makanikena, don raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar Asabar na ɗauki hanyar Damagaram da babban motona mai akwati uku. Na wuce Cadawa lafiya lau, hanya fayau, allura na kan 120. Kafin in kai Agye sai na ji bayan moto ya fara lilo, hagu dama, hagu dama, kamar tafiyar maciji, can kuma gidon, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, shi ma ya ɗauka. Salati kawai nake. Allah ya sa ban damƙi birkin gaba ba, na dinga sassauta mai a hankali, sai da ya sauko wajen 80 ya natsu. Na tsaya gefen gudron hannuna na rawa, igiyar kaske ma na kasa kwancewa. Kwana 3 kafin tafiyar na biya jika 40 an yi mini aikin gaban moto. Da na dawo na same shi garaji, ko durƙusawa bai yi ya duba ba, ya ce wai "Alhaji, iska ce." Ni na ce aikinsa ne. Makanikan garin nan ba su san babban moto ba, a kanmu suke koyo.

Mai Faci: Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Amma gaskiya ya gaya maka, iska ce. Yaushe rabonka da auna taya? Yawancin manyan motocin nan kilo 2.5 suke so gaba, 2.9 baya, kuma da safe ake aunawa tun taya na sanyi. Ku kuwa sai ku buga ta da ƙafa ku ce ta yi. Tayar baya in ta rasa rabin kilo, gefenta laushi yake, da gudu sai ta riƙa lanƙwasa, moto ya bi ta.

Direban Ƙonni: Kai mai faci, komai sai ka ja shi bakin kwamfaresanka. Ba iskar taya yake nufi ba, iskar hanya yake nufi. Shekara 19 ina jan tirela a kan wannan hanya. In na gifta mai moto, a madubi nake ganin yadda iskata ke watsa shi. Balle mai gilashi babba a gaba da akwatuna kamar ɗaki. Alhaji, babu babbar mota da ta wuce ka a lokacin?

Baban Nana: Akwai wata bas da na wuce, amma da ɗan nisa.

Direban Ƙonni: To ka gani.

Mai Faci: Me aka gani? Ya ce da nisa.

Ɗan Tibiri: Ku duka kun bar hanya. Da munka taso, in tsoho ya ce iska ce, an san abin da yake nufi. Akwai wuraren da ba a ratsawa da tsakar rana ba tare da addu'a ba. Alhaji, ƙarfe nawa abin ya faru?

Malam Ustazu: Ɗan Tibiri, ka ji tsoron Allah. Addu'ar hawa abin hawa sunna ce, kowa ya riƙe ta. Amma mutum ya ƙi gyara ƙarfensa sannan ya ɗora wa aljanu, wannan ba addini ba ne. Ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Ɗan Tibiri: Ni ban ce kada a gyara ba, Malam. Kuma kada ka mai da ni jahili gaban jama'a. Aljanu dai akwai su ko babu?

Malam Ustazu: Akwai su. Ba su ke kwance noti ba.

Ɗan Kabu-kabu: Ku yi haƙuri manya. Ni iskar da na gani ɗaya ce. Hanyar da amalanke ke fitowa daga gona babu fitila, akuya ta tsallaka, yara na tallar gyaɗa, a ce mutum na 120? Da mu ne da an ce gudun 'yan iska.

Baban Nana: Yaro, ni kake kira ɗan iska? Na haifi kamarka.

Ɗan Kabu-kabu: Baba, ban kira ka ba. Na ce da mu ne. Kullum mu ake zagi a wannan zaure, mu ne marasa kaske, mu ne masu ganganci. Mai babban moto in ya yi, sai a ce laifin makanike.

Direban Ƙonni: Ku ɗin ai ba ƙarya ake muku ba. Jiya a shataletale ɗayanku ya shigo mini ta dama da mace da buhu biyu.

Ɗan Kabu-kabu: Ku da kuke kwana kan sitiyari fa?

Malamin Fasaha: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Ku ba ni minti biyu. Girgizar moto da gudu iri biyu ce, kuma ba yau aka gano ba. Wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya yi lissafinta tun 1971. Ta farko ta gaba ce: gidon ne ke kaɗawa da sauri, sau 6 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya, har ya nemi fizge hannu. Tana iya zuwa ko ba a gudu sosai, musamman an saki mai kuma hannu bai riƙe da kyau ba. Ita ce ake tuhumar tayar gaba da ta ci ba daidai ba, ko rulman wuya (zoben ƙarfen da gidon ke juyawa a kansa) da ya yi sako-sako, ko janti (ƙarfen da taya ke zaune a kai) da ya lanƙwashe. Ta biyu kuwa moton ne gaba ɗaya ke lilo, baya na jan gaba, a hankali, kamar sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma gudu na ƙaruwa tana ƙaruwa. Abin da Alhaji ya kwatanta, tafiyar maciji daga baya a kan 120, wannan ta biyun ce. Ita kuma a baya ake fara nemanta: tayar baya da tsakiyarta ta baje saboda doguwar hanya, amortisa (abin da ke shanye gargadar hanya) da ya mutu, wasa a hannun da ke riƙe tayar baya, da uwa uba kaya masu nauyi da aka ɗora sama kuma bayan ƙafar baya. Iskar bas tana iya tayar da ita, amma moto mai lafiya in an ture shi sau ɗaya komawa yake ya miƙe. Wanda ya ci gaba da lilo, akwai abin da ke damunsa. Ban wanke makanike ba. Alhaji, ka ɗora moton kan ƙafar tsakiya, wani ya danne baya tayar gaba ta tashi. Juya gidon a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ka ji yana maƙalewa a tsakiya, ko ya yi tauri, rulman ya ci ko an ɗaure shi fiye da kima. Sannan ka kama ƙafafun gaba, wato ƙarafa biyun da ke riƙe tayar gaba, ta ƙasa ka ja ka tura, in ka ji ƙas ƙas akwai wasa. Minti biyar ya isa a san ko aikinsa ne.

Mai Faci: Malam ya ce taya. Na gode, magana ta ƙare.

Direban Ƙonni: Ya ce iskar bas ma. Karanta da kyau.

Ɗan Tibiri: Bature ya yi lissafi a Ingila, ya taɓa bin hanyar Agye?

Ƙanen Baban Nana: Yaya, ka yi haƙuri, amma ba ka gaya musu bidon ba. Ni na ɗaure maka shi da roba a kan akwatin baya, lita 25 na esansi, ka ce ba ka son tsayawa a hanya. Ga jakar tsarabar Inna a kansa.

Malamin Fasaha: Subhanallah. Lita 25 na esansi ya haura kilo 18, kuma ruwa ne, motsi yake. Akwatin baya yawanci kilo 5 zuwa 10 aka rubuta masa, ka buɗe murfin ka duba. Alhaji, ga inda za a fara.

Baban Nana: Na sha ɗaukar bidon ban ga haka ba. Kai kuma wa ya sa bakinka?

Na Katsina: Ni abin da ban gane ba, wane ne kilo 2.9 kuma? Iska ake aunawa ko tumatir? Mu nan 36 gaba, 42 baya muke cewa.

Mai Faci: Abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. Namu na Faransa, naku na Ingila.

Na Katsina: To gejin naku ne ba na yarda da shi. An ba tayata iska a Ɗan Isa, mai facin ya ce ta cika, ina isa Jibiya aka auna aka ga saura.

Mai Faci: Sai ka ce na Jibiya daga sama aka saukar da shi. Kuma tayoyin okaziyo da ke kashe mutane ta ina suke shigowa? Ku duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Makon jiya an kawo mini wata mai 2314, mako na 23 na 2014 ke nan. Zanenta sabo fil, amma da na danna farce a gefen, duk tsaga ce ƙanana kamar bakin tabki da rani. Daga wajenku mai ita ya sayo ta.

Na Katsina: Ta Kwatano ta biyo kafin ta zo wajenmu, kuma 'yan kasuwarku ke jigilarta.

Ɗan Kabu-kabu: Har yanzu Baba bai ce ya yafe mini ba.

Malam Ustazu: Ɗan Tibiri ya turo mini saƙo ta gefe yana cewa na ci mutuncinsa. Ina shaida wa jama'a ban yi nufin haka ba, amma ban janye maganata ba.

Kawu Mai Garaji: To ya isa haka, ni ke riƙe da zauren nan, bari in tattara. Shekara 34 ina wannan sana'a, na yaye yara sun fi 20. Abin da ya fito fili daga bakin kowa shi ne makanike ba shi da laifi. Mai faci ya ce taya, direba ya ce iskar hanya, Malam da iliminsa ya ce daga baya ne, shi kuwa yaron gaba ya taɓa. Saboda haka kalmar da ya faɗa daidai ce, iska ce. Alhaji ya kamata ya janye cewa a kanku muke koyo, don maganar ta yi mana zafi. Mai moto ya auna tayarsa, ya rage gudu, ya daina kai wa makanike ƙara a bainar jama'a.

Malamin Fasaha: Kawu, da girmanka, ban ce ba shi da laifi ba. Na ce a ɗaga gaban a gwada rulman, kuma a sauke bidon a sake bin hanyar a hankali. Ba a yi ko ɗaya ba.

Baban Nana: Ban janye ba. Gobe da safe zan kawo moton garajinka, Kawu, ka ɗaga gaban da hannunka, Malam yana tsaye.

Kawu Mai Garaji: Ka zo bayan ƙarfe 9. Ka taho da bidon ɗin.