Neman kalmar Hausa: me za mu kira "nomad" ɗin da ba shi da ko akuya?

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma ina da shawarar da nake so ku auna mini.

Wata ƙungiya mai aikin kiwon lafiya ta ba ni takardar tambayoyi in duba fassararta kafin a shiga da ita kasuwar Mile 12 a nan Legas. A gurbin sana'a Turancin ya ce "nomad", ana nufin mutumin da ba ya zama wuri ɗaya, yana tashi daga gari zuwa gari gwargwadon inda aiki ya buɗe. Wanda ya fassara kafin ni ya sa "makiyayi". Na ɗauki takardar na je da asuba na gwada ta a kan wani ɗan dako da na daɗe da sani, mutumin ƙasar Zamfara. Na same shi ya sauke kwandon tumatir daga tirela, ruwan tumatirin ya jiƙa masa gammo har yana bin wuyansa. Na karanta masa. Ya ce, "Malam, wane kiwo kuma? Ni ko kaza ban ajiye ba. Tsallake wannan."

Sai na ce ya lissafa mini shekararsa. Da rani yana nan Mile 12, lokacin da tumatirin su Kadawa da Kura yake sauka ba ƙaƙƙautawa. Kasuwar ta lafa, ya gangara Ogbomosho ɗaukar buhunan kashu. Layya ta matso, ya koma Alaba Rago jan raguna da ba su ruwa da dusa, kuma da yake Layya tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kullum sai ya sake tsarin tafiyarsa. Wajen watan Oktoba kuma yana dajin Ondo ana fasa koko. Kayansa duka jakar bakko ɗaya ce: tabarma, buta, riga uku, tocila, 'yar ƙaramar waya. Damina biyar ke nan bai riƙe fartanya ba, don gonar tasu ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga.

Wannan mutum, a wane gurbi za mu sa shi?

Makiyayi dai daga kiwo take. In babu dabba, kalmar ta faɗi. Kuma wannan fassara ta daɗe tana cutar da mu. Hukumar kula da ilimin "nomads" da aka kafa a 1989, mai hedkwata a Kaduna, da Hausa ce mata muke yi Hukumar Ilimin Makiyaya, alhali aikinta ya haɗa har da 'ya'yan masunta masu bin ruwa. Sunan Hausar ya fitar da masunta daga lissafi gaba ɗaya.

Na san abin da yawancinku za ku ce: ai muna da ci-rani. Ni ma can na fara, kuma ina ƙaunar kalmar, don a cikinta na tashi. Amma ku dubi yadda aka gina ta. Ɗan ci-rani manomi ne. Ya girbe, ya cika rumbu, ya fita ya cinye ranin a wani wuri don hatsin gida ya kai iyali damina. Iyayenmu sukan ce ya tafi kurmi, ko ya tafi Ikko, mutanen Sakkwato da Nijar su ce ya tafi biɗa. Ya yi gadi ko tura ruwa ko gyaran takalma, hadari na fara haɗowa a arewa ka gan shi a tashar mota a Agege da katifa sabuwa da rediyo. Fita ɗaya, komawa ɗaya, kuma gona ce ke kiransa. Mutumina kuwa rani da damina da kaka duk a waje yake cinye su, kuma tashi huɗu yake yi a shekara. Ga shi kuma kafafen labarai sun ɗora wa kalmar wani kaya: yanzu in aka ce 'yan ci-rani a rediyo, hankali yana tafiya ne ga masu ratsa Agadas da Libiya su hau teku zuwa Turai. In muka ƙara mata na uku, ma'anar asalin za ta shuɗe.

Shawarata ita ce: ɗan bin-kaka. Mace 'yar bin-kaka, jam'i 'yan bin-kaka, sana'ar kuma bin-kaka.

Dalilina shi ne Bahaushe ya riga ya faɗaɗa kaka da kansa. Asalinta lokacin girbi ne, amma yau muna cewa kakar wasa, kakar siyasa, kakar mangwaro. Duk lokacin da abu ya nuna ana samu da shi, kakarsa ce. Abin da wannan bawan Allah yake bi ke nan: kakar tumatir, kakar kashu, kakar raguna, kakar koko. Ku gwada a baki. "Ina wane?" "Ya tafi bin-kaka." Ta zauna ba tare da an tura ta ba.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Malam da ya kawo "ɗan yawo" da "mayawaci", Allah ya gafarta malam, waɗannan ba za su yiwu ba. A kunnen Bahaushe yawo yana tafiya da zargin rashin aikin yi. Mutumin da ke sauke kwanduna tun kafin kiran sallah ya aika wa iyalinsa kuɗin cefane, bai cancanci a rubuta masa wannan a takarda ba.

Hajiya da kika ce falke, na gode, amma falke da hajarsa yake tafiya, da jarinsa. Wannan ƙarfinsa kawai yake sayarwa. Ɗan ƙodago kuma ta faɗi aikin, ba ta faɗi tashin ba.

Wanda ya ce kaka za ta rikice da kakar da ta haifi uwa ko uba, gaskiya a rubuce ɗaya suke. Sai dai shekara da shekaru muna jin "kakar bana" a labarin wasanni, ba a taɓa samun ruɗani ba.

Amsar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Baba daga Idi-Araba. Ya ce tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, samari da yawa da ke zaune wuri ɗaya suka watse, yau suna nan gobe suna can, har wanda ya saba riƙe musu ajiya bai san inda zai neme su ba. Baba, maganarka ita ce dalilin da ya sa na dage. Mutumin da ba shi da suna a takarda, in an zo rabon magani ko rigakafi tsallake shi ake yi, kamar yadda ɗan dakon nan ya ce in tsallake da bakinsa.

Jiya na koma Mile 12 in karanta masa sabuwar kalmar, na tarar ya riga ya tashi. Na faɗa wa abokan dakonsa su uku da ke shan shayi a gefen tirela. Biyu suka ce su 'yan ci-rani ne, ruwa na sauka za su tafi gida. Na ukun ya ajiye kofi ya ce, "Ni dai rubuta ni a wannan ta bin-kaka."

Na mayar wa ƙungiyar takardarsu da gurbi uku a maimakon ɗaya: makiyayi, ɗan ci-rani, ɗan bin-kaka. Waɗanda ke Agege da Alaba Rago, don Allah ku gwada ta a kan masu sana'ar kansu, ku dawo mana da abin da suka ce kafin a buga takardar.