Wai wanne ne gida na biyu?

Alhaji: Jama'a ku ji wani ikon Allah. Wai wasu 'yan boko ke kiran a kwaikwayi Ingila a Kano, a ɗora ƙarin haraji kan mai gida na biyu. Can tun Afrilun 2025 aka ba ƙananan hukumomi damar ninka harajin irin wannan gida, a Wales kuwa ƙarin na iya kaiwa kashi 300 cikin 100. Mu nan mai C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, yana biyan jiha kuɗin ƙasa duk shekara, ƙaramar hukuma na da nata harajin gini, in ya tashi sayarwa ga kuɗin amincewar gwamna. A ƙara wani kuma? Zalunci ne tsagwaronsa.

Hajiya: Alhaji dakata. Wanne ne na biyun? Mutum na da uwargida a Gwale, amarya a Hotoro, yana raba kwana bibbiyu. Gidan wa za a ce na hutu ne?

Barista: Hajiya, ko ɗaya. A dokar Ingila gidan da ake nufi shi ne mai kaya a ciki amma babu wanda ya ɗauke shi mazauninsa na dindindin. Amarya na zaune a nata, ya fita. Gidan haya ma ya fita muddin da ɗan haya a ciki. Na Alhaji ba su shiga ba.

Hajiya: To ka ji. Amma kowa ya san da an ce na biyu, na amarya za a nuna. Ita ba matar aure ba ce?

Dillali: Hajiya a bar batun kishi, matsalar takarda ce. Gidaje da yawa a cikin gari, Dala da Gwale, ba su da C of O, sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Gidan gado kuma magada goma na iya tarayya a kansa da sunan mamaci har yau. KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, ta fi sanin filin da aka yi wa rajista. In aka kawo harajin nan, mai wayo zai rarraba gidajensa da sunayen 'ya'ya, wanda ya bi ƙa'ida ya yi rajista shi za a kama, saura kuma su guji rajistar gaba ɗaya.

Ɗan haya: Yallaɓai dillali ai dole ka ce haka. Ka zaga Nasarawa GRA da Bompai ka ga gidaje a kulle, sai maigadi, masu su sai da Sallah suke leƙowa. Mu kuwa ku ke ingiza mana kuɗin haya don la'adarku ta kashi goma ta yi kauri.

Dillali: Ɗan'uwa, dillali ne ya tsadar da siminti da rodi? Kuma duk harajin da aka ɗora wa mai gida, a kuɗin hayarka zai fanshe.

Ɗan haya: Barista ya ce gidan haya bai shiga ba. Karanta mana.

Malam: Ku duba shari'a. Gidan zama ba zakka a kansa ko guda nawa ne. Na haya, zakkar na kan kuɗin hayar in ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, kuma ya shekara: kashi biyu da rabi cikin 100.

Barista: Allah gafarta Malam, zakka daban, haraji daban. Kuma tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ba harajin gini. Birnin nan ƙananan hukumomi takwas ne. Mai gida a Tarauni da wani a Ungogo, wace sakatariya ce za ta san yana da biyu?

Hajiya: Har yanzu dillali bai janye kalmar kishi ba.

Admin: Za mu rufe nan. Abin da aka cimma: kowa ya yarda harajin ba zai yiwu a Kano ba, kuma talaka zai cutar, kamar yadda Alhaji da dillali suka yi bayani. Ɗan haya bai kawo hujja ba. Mai neman gida a Rijiyar Zaki ya yi min magana ta gefe, akwai guda biyu a hannu.