Shin rana tana toho? Neman sunan Hausa ga "renewable energy"

1/ 'Yan uwa, aiki ne ya kawo ni gabanku. An ba ni wata 'yar takarda in mayar da ita Hausa domin manoman rani na fadamar Argungu, kan injin ban ruwa mai aiki da sola. Komai ya tafi lami lafiya har na iso kan "renewable energy" da ƙanwarsa "green technology". Nan alƙalami ya ƙi gaba. Yau kwana uku ke nan.

2/ Ita sola ba ta cikin shari'ar, ta riga ta zama 'yar gida kamar mota da rediyo. Je ka kasuwar Birnin Kebbi ka ce kana neman na'urar tattara hasken rana, ka ga kallon da za a yi maka. Abin da nake nema shi ne sunan zuriyar gaba ɗaya: rana, iska, ruwa, tururin ƙarƙashin ƙasa, har ɓuntun shinkafa da ake ƙonawa a samu wuta.

3/ "Koren makamashi" na fara kora. Ga Bature, launin ganye yana nufin kula da muhalli. Ga Bahaushe kore launi ne kawai, sai mutum ya tambaye ka fenti aka shafa wa wutar? Na gwada "ɗanye", tunda ɗanyen ganye shi ne mai rai. Sai na tuna ɗanyen mai, wato ainihin abin da ake son a rage, ga kuma ɗanyen aiki, ga ɗanyen kai. Na ajiye shi a hankali.

4/ Kafafen labarai sukan ce "makamashi mai tsafta" ko "makamashin da ake sabuntawa". Na biyun yana damuna, domin wa ke sabuntawar? Lasisin tuƙi ake sabuntawa, da katin shaida. Ba wanda ke bin layi don a sabunta masa rana. Na farkon kuwa Hausa ce lafiyayya, amma wata magana yake yi daban. Tashar nukiliya ba ta hayaƙi, sai dai yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit, can Nijar, ma'adini ne, in ya ƙare ya ƙare. Madatsar Kainji kuma tun 1968 take aiki, kogin Kwara na kawo mata sabon ruwa kowace shekara, amma tambayi mutanen ƙasar Yawuri da aka tayar daga garuruwansu da tafkin ya cika ko komai nata tsaf yake. Rashin hayaƙi daban, rashin ƙarewa daban.

5/ Jiya da la'asar na kai kukana ga kawuna a bakin gonarsa. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu, noman rani ya koma lissafin jarka. Shinkafa ba ta san uzuri ba, ruwanta take so. Wasu suka juya injinsu ya koma shan gas, wasu suka rage fili, shi kuwa ya sayar da bijimi ya sayi farantin sola da famfo.

Na yi masa bayani da 'yar Hausata ta boko, ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Kai ɗana, wahalar mi kaka yi? Ai mai toho kaka nuhi. Zogale in ka sare shi, ba ya sake hitowa?"

Na yi shiru.

6/ Makamashi mai toho. Abin da ka ɗiba yau, gobe ya mayar da kansa ba da hannunka ba. Fetur, gas da kwal ba sa toho, rumbu ne da aka gada, ana ci yana raguwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kalmar ke warware rigimar itacen girki ba tare da dogon sharhi ba. Masana na lissafa itace cikin wannan zuriya, amma da sharaɗin kada sara ya wuce tsiro. Duk matar ƙauye ta san wannan sharaɗin: reshe in an sassabe yana toho, bishiyar da aka tumɓuke don gawayi ta tafi ke nan.

7/ Na ga martaninku. Malamina na sakandare ya rubuto cewa rana ba tsiro ba ce, ta yaya za ta yi toho, ya fi son "marar ƙarewa". Allah ya gafarta Malam, da girmamawa nake cewa: faɗi wannan a gaban dattawan ƙauyenmu ka ji amsa, nan take za a tuna maka cewa babu marar ƙarewa sai mulkin Allah, a bar zancen famfo a koma wa'azi. Batun tsiro kuwa, ai shi kansa makamashi asalinsa kara ne da kirare na hura murhu, yau ga shi har da ma'aikata a Abuja. Jirgi na ruwa ne kafin ya hau dogo, ya tashi sama. Wutar lantarki ma ba ta da harshe ko toka, kuma ba wanda ya kai ƙara.

Wata Hajiya daga Gusau ta kawo "mai marmaro", wai kamar idon ruwa da ake ɗiba yana ɓuɓɓugowa. Hajiya, wallahi ya yi daɗi, kuma ya fi nawa dacewa da tururin ƙarƙashin ƙasa da ake mayarwa lantarki a Olkaria ta Kenya. Tsorona ɗaya, manomi zai ɗauka wutar madatsar ruwa kaɗai ake nufi.

8/ Na sa "mai toho" cikin jimla in ji ko za ta yi tuntuɓe. "Kenya na samun kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinta daga makamashi mai toho." "Maroko ta gina tashar sola ta Noor mai megawat 580 a garin Warzazat, ta shiga sahun gaba a makamashi mai toho." "Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa makamashi mai toho ya iso hannun mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya." Kunnena bai ji gargada ba. Masu cewa "tofo" ma bismillah, ba faɗa.

9/ Ita kuwa ƙanwar, wato "green technology", "fasahar kare muhalli" na rubuta na wuce, ba na jin tana buƙatar sabon suna.

Takardar za ta tafi wurin buga ta ran Litinin da "makamashi mai toho" a shafin farko. Saura inbata (inverter), na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin ta gida. Kawu dai tukunya yake ce mata, ni kuma ban yarda ba tukuna.