Wai me ya kashe kasuwar Salaga ne?

Ɗan Aboabo:
Salam jama'a. Kakata kullum zancenta Salaga ta arewacin Ghana, wai can ne asalinmu, da na je bara na ga garin shiru ba kamar yadda take faɗi ba, sai tsofaffin rijiyoyi da doya. Me ya faru da garin ne don Allah?

Baba na Asawase:
Yaro ai kakarka gaskiya ta faɗa maka. Gwanja da kake ji ai can ne, fatake daga Kano da Katsina su zo da jakuna cike da kanwa da tufafi da fata su koma da goron Asante, har bayi an sayar a kasuwar, wannan kam ba abin ɓoyewa ba ne. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 sai Asante suka daina sakin goro zuwa can, ciniki ya koma Kintampo, sannan yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa shi, mutane suka watse wasu Kete Krachi wasu Yeji wasu nan Kumasi da Accra.

Hajiya mai waakye:
Baba kun manta ruwa. Tun da aka yi dam ɗin Akosombo tafkin Volta ya yanke hanyar Yeji mai bi ta Salaga zuwa Tamale, sai ka jira jirgin fito ka haye Makango, direbobin Tamale duk suka koma bin Buipe. Na taɓa kwana a bakin ruwan nan da kayana, sauro kamar su ɗauke ni.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri Baba. Hajiya sannu, ashe shi ya sa motarmu ta zagaya ta Tamale.