Fantasi da Hausa: tatsuniya, al'ajabi ko almara?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ƙanwata tana rubuta kundin digiri kan littattafan marubutan Birtaniya Tolkien da C.S. Lewis, an ce ta yi tsakure da Hausa, sai kalma ɗaya ta tsaya mana a maƙogwaro: fantasi, wato sunan da Turawa ke kiran labaran da abin da ba ya yiwuwa ke faruwa a cikinsu, irin na sihiri da dodanni. Ta rubuta "tatsuniya", na ce ta goge.

Ga dalilina. Mai tatsuniya da bakinta take rushe abin da ta gina. Tana kai ƙarshe sai ta ce ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Yara su watse, babu wanda zai tambayi nisan garin Sarki daga gonar Gizo. Shi kuwa Tolkien, a laccar da ya gabatar a jami'ar St Andrews ta Sukotland a 1939, cewa ya yi aikin marubuci shi ne ya ƙera wata duniya mai dokokinta, wadda muddin kana cikinta za ka gaskata abin da ke faruwa. Mutumin da ya zana taswira, ya tsara nasabar sarakuna, ya ƙirƙiro harsuna da nahawunsu kafin littafinsa The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, ai ba tatsuniyar dare ya zauna yi ba.

Wani malami ya ba da shawarar "adabin al'ajabi". Daɗin faɗa kam akwai. Amma a bakinmu abin al'ajabi shi ne wanda ya faru da gaske ya ɗaure kai, irin a ce akuya ta haifi ɗa mai kai biyu. Na ajiye wannan.

Da farko ni "adabin ƙagaggiyar duniya" na so, har na fara jin kaina. Ƙanwar ce ta kayar da ni da littafin masaniyar adabi Farah Mendlesohn, Rhetorics of Fantasy, na 2008. Ta ce, "Yaya, ai ba kowane labari ne ke barin duniyarmu ba." Mendlesohn ta kasa fannin gida huɗu, gwargwadon yadda abin da ba ya yiwuwa ke shigowa cikin labari, kuma a ɗaya daga ciki baƙon abin ne ke faɗowa cikin rayuwar yau da kullum. Kalmata ba ta rufe wannan ba.

Don haka muka koma kan almara. Na san za a ce wasu na kiran kowane ƙirƙirarren labari almara, to amma wannan yana da sunansa tuntuni, ƙagaggen labari. Za a kuma ce in Bahaushe ya ce "almara ce" raini yake nufi. Haka abin yake a Ingila ma: sai da Tolkien ya tashi a 1936 ya kare dodannin da ke cikin tsohuwar waƙar Beowulf, saboda manazarta na ganin su shirme ne da ya ɓata waƙar.

Abin da ya fi burge ni shi ne almara tana haihuwa, har ta ba mu sunayen gidajen nan na Mendlesohn. Yarinya ta shiga wadirob tana ture rigunan gashi, sai ta ji dusar ƙanƙara a ƙafarta, ga fitilar titi tsaye a tsakiyar daji: wannan Narnia ce, duniyar littafin C.S. Lewis na 1950, almarar ƙofa. Inda aka jefa ka tsundum cikin wata duniya ba mai yi maka jagora, almarar nutso. Inda dodon ne ya biyo ka har tsakar gida, almarar kutse. "Ƙagaggiyar duniya" kuma ta samu gurbinta, ita ce duniyar da Tolkien ke nufi.

Na huɗun ne har yanzu ya gagare mu, wanda abin mamakin ke leƙowa daga nesa, mutanen cikin labarin kuma ko a jikinsu. Ƙanwata ta ce almarar bakin ƙofa, ni na ce almarar leƙe. Ranar Litinin za ta miƙa tsakuren, sai ku raba mana gardama kafin nan.