Shekara ɗaya da wata biyu rabona da tuwo, zan iya ci gaba a haka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Bara aka gano min ciwon suga ga kuma ƙiba, kilona 94 a lokacin, sai wata ƙawata ta wajen aiki ta ce in bar duk abinci mai sitaci, toh tun daga nan na yi sallama da tuwo da shinkafa da taliya da burodi da gurasa da waina, har fura da nake so kamar raina. Da safe ƙwai da kabeji, da rana kifi ko kaza da miyar kuɓewa zalla, da daddare kuma yawanci tsire kawai nake aiken yaro ya siyo min nan bakin titin Gwammaja. Alhamdulillah yanzu kilona 81 kuma sugan ya sauka sosai. Matsalar ita ce sai in kwana uku ban zaga ba, gashina sai zuba yake in ina taje kai, kuma satin da ya wuce na yi gwajin jini aka ce kolestorol ɗina, wato kitsen jini, ya hau, wanda suke ce wa LDL. Uwar mijina kullum sai ta ce na rame kamar wadda aka yi wa sammu, ga tsada, kun dai san kuɗin kiret ɗin ƙwai yanzu. Mutum zai iya shekara biyar ko goma a haka bai cutar da ƙodarsa ko zuciyarsa ba?

Abban Sadiq:
Wa alaikis salam Hajiya, ki ci gaba abinki wlh. Ni shekarata uku ina keto, wato barin sitaci kusan gaba ɗaya, tumbin nan da yake hana ni ɗaure takalmi ya tafi, barcin da yake kama ni a shago bayan azahar ma na daina. Sati biyun farko ne kawai wuya, ciwon kai da kasala da warin baki har madam ta dinga yi min tsiya. Yanzu balangu da ƙwai da man shanu, shikenan. Wahalar ɗaya ce, gidan biki ko suna a ajiye maka waina da miyar taushe ka ce ba ka ci, sai a ce girman kai ne.

Sista Bilki:
Yar uwa sannu da ƙoƙari, sauke kilo 13 ba wasa ba ne. Ni nas ce, zan faɗa miki yadda na san abin amma likitanki ne zai yanke hukunci. Rage sitaci mataki-mataki ne, akwai wanda yake cin ƙasa da giram 130 a rana wannan ragewa ce kawai, akwai kuma keto irin ta Abban Sadiq giram 20 zuwa 50, kuma ita keto asalinta ma ba don rage ƙiba aka fito da ita ba, a 1921 wani likita Russell Wilder a asibitin Mayo na Amurka ya ƙirƙiro ta don yara masu farfaɗiya, kuma su ana bin su da gwaje-gwaje don an san tana iya kawo tsakuwar ƙoda da hawan kitse a jini.

Saurin ramar da ake gani a satin farko yawanci ruwa ne, don sugan da jiki yake ajiyewa a hanta da tsoka kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku, in ya ƙare ruwan ya bi fitsari. In aka je shekara guda kuma bambancin ba wani yawa, a 2018 jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa mutum 609 na wata 12, masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗoriya, kinga kusan kunnen doki.

Maganar shekara goma da kika tambaya, a 2018 ɗin dai mujallar Lancet Public Health ta fitar da binciken da ya bi mutum sama da 15,000 a Amurka kusan shekara 25, aka ga mace-mace ya fi ƙaranci a wajen waɗanda sitaci yake kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari na ƙarfin abincinsu, ya kuma ƙaru a wajen masu ƙasa da kashi 40 da masu sama da kashi 70. Amma abin da ya fi shafarki shi ne, waɗanda suka maye gurbin sitacin da nama da kitsen dabba su ne haɗarin ya ƙaru musu, waɗanda suka maye da na tsirrai irin gyaɗa da ganye haɗarin ya ragu. Irin wannan binciken bibiya ce kawai ba ya tabbatar da cewa abincin ne sanadi kai tsaye, amma dai ki duba kwanonki, tsire kusan kullum da daddare da kitsensa, ina mamakin hawan LDL? Ga mu a Kano zogale da rama da alayyahu da yalo da kokwamba jibge a Yankaba, ga awara ga gyaɗa ga ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale kaɗai zai taimaka miki da bayan gidan nan don rashin ganye da dusar hatsi ne yake ƙulle ciki, ki ƙara da ruwa da yawa. Zubar gashi kuma tana faruwa in an rame da sauri, yawanci yana dawowa, amma a duba miki jini ko ya yi ƙasa. Ƙoda in lafiyayya ce ba a cika samun matsala ba, sai dai mai suga dole a gwada fitsari da ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara don shi ciwon sugan da kansa yana taɓa ta, in ta fara rauni yawan nama ƙarin nauyi ne gare ta.

Ɗan Dawanau:
Ni dai hatsi nake sayarwa ku ce kasuwata nake karewa ba komai. Kakana tuwon dawa da furar gero ya ci har ya bar duniya ba shi da tumbi, amma fa da fartanya yake wuni. Mu kuma daga gado sai adaidaita sahu, shayi da sukari cokali huɗu da burodi, da rana garau-garau himili guda a kora da lemon kwalba, sannan mu ce laifin tuwo ne. Hajiya ki gwada malmala ƙarama ɗaya ta dawa ko acha, miya ta fi tuwon yawa.

Ummi K:
Anti dan Allah wane magani kike sha? Babanmu ya bar sitaci gab da azumi yana kuma shan maganin suga glibenclamide yadda ya saba bai gaya wa likita ba, rana ta huɗu bayan la'asar sai gumi da karkarwa yana magana ba kan gado, da aka auna sugan ya faɗi ƙasa warwas sai da muka kwana asibiti. Maganin nan da allurar insulin su ne masu wannan haɗarin in an rage abinci ba a rage su ba.

Sista Bilki:
Gaskiyar Ummi, kuma akwai magungunan suga irin su empagliflozin da dapagliflozin, in aka haɗa su da keto jini na iya yin tsami har ya kai ga gadon asibiti alhali awon suga bai nuna ya hau sosai ba. Mai ciki da mai shayarwa ma su bar keto. Abban Sadiq kai kuma yaushe rabonka da gwajin kolestorol?

Abban Sadiq:
Sista kin kama ni, tunda na fara ban taɓa yi ba gsky, ganin ina jin garau. Zan je cikin satin nan insha Allah.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Ummi metformin kaɗai nake sha, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ranar Talata nake da ganin likita zan tafi da takardar gwajin, tsiren kuma zan mayar da shi ranar Juma'a kawai. Sista wake fa, alale ko dafaffen wake da alayyahu zan iya? Don ƙawar tawa cewa ta yi shi ma sitaci ne.

Sista Bilki:
Akwai sitaci a ciki amma a hankali yake shiga jini ba kamar farar shinkafa ba. Ki ci kofi ɗaya ki auna suganki bayan awa biyu ki rubuta a takarda, haka za ki yi wa tuwon dawar Ɗan Dawanau ma wata ranar daban, ki kai wa likitan lambobin ranar Talata. Ɗanwake dai ban sa shi a lissafi ba, garin rogo da fulawa sun fi waken yawa a na yanzu.