"Idan ana cin ɓaure ba a tona cikinsa": shin ta hau kan mai dashe a tukunya?

Ɗalibi, Tudun Wadan Gombe:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kafa rassan ɓaure a tukwane a tsakar gida, irin ɓauren nan na ƙasashen Larabawa wanda alhazai kan zo da busasshensa tsaraba, kuma sun fara fitar da ganye. Da na ce zan zare ɗaya in duba ko ya yi saiwa, sai kawuna ya hana ni, ya ce, "Idan ana cin ɓaure ba a tona cikinsa." Na bi umarninsa, amma zuciyata ba ta kwanta da cewa nan ne muhallin wannan karin magana ba. Shin ta hau, ko kuwa sunan ɓauren ne kawai ya jawo ta?

Tsohon malamin Hausa, Kumo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Hanin da kawunka ya yi maka daidai ne, amma a ganina karin maganar ba a gidanta ta sauka ba. Duk wanda ya taɓa tsintar ɓaure a gindin bishiya ya san cewa idan ya ɓare shi zai tarar da 'yan ƙwari a ciki, kuma da zarar ya gan su ransa zai fita daga cin, alhali zaƙin yana nan bai je ko'ina ba. Daga nan Bahaushe ya ɗauko maganar. Abin da kake mora, ko mutumin da kuke zaune lafiya, kada ka shiga binciken aibinsa, domin za ka samu, kuma samun ba zai ƙare ka da komai ba sai ɓacin rai. Ana faɗarta ga maƙwabta da abokan ciniki da ma'aurata, magana ce ta kau da kai da rufin asiri. Shi kuwa mai dashe ba aibi yake nema ba, ɗoki ne ke damunsa, kuma wannan yana da tasa karin maganar, wato "Sauri kan haifi nawa."

Mai lambu, Dadin Kowa:
Allah ya gafarta Malam, ba ni da bakin ja da ku a fagen harshe, amma ina so in tsaya wa kawun yaron nan, domin abin da ya hango a cikin tukunya gaskiya ne. Reshen ɓaure yana ɗauke da abincin da ya tara tun yana jikin uwarsa, kuma da wannan abincin yake fitar da ganyen farko, sau da yawa tun kafin saiwa ko ɗaya ta fito. Saboda haka ganye ba shaida ba ne cewa dashe ya kama. Saiwar takan bayyana ne tsakanin mako 3 zuwa 6 idan akwai ɗumi da danshi daidai gwargwado, kuma farkonta fara ce, siririya, mai saurin karyewa. Wanda ya zare reshen don ya gani, shi da hannunsa zai tsinke abin da yake nema, ya bar ganye yana jan ruwa ba tare da abin da zai shayar da shi ba. To, mutumin da bincikensa ya lalata masa abin da yake gab da mora, ai shi ne ainihin wanda karin maganar take yi wa gargaɗi.

Tun da an zo wurin, bari in faɗa wa ɗanmu yadda muke yi, ko zai rage masa sha'awar tono. A yanko reshen da ya ƙosa, mai kaurin ɗan yatsa, tsawonsa kamar santimita 15 zuwa 25, mai gaɓa uku ko huɗu, domin reshe ɗanye sharaf yakan yi yaushi kafin ya kama. A cire ganyen, a binne gaɓa biyu a ƙasa, a tabbata ba a kifa shi ba, wato ɓangaren da ke kallon sama a jikin bishiya shi ne zai kalli sama a tukunya. Ƙasar ta zama mai yawan yashi, tukunyar kuma a huda gindinta, sannan a ajiye a inuwa mai haske. Abin da ya fi kashe irin wannan dashe a gidaje shi ne yawan ban ruwa, wanda ke ruɓar da gindin reshen tun yana cikin ƙasa. A kuma kiyayi farin ruwan nan mai danƙo da ke fita wurin yanka, domin yana sa wa fata ƙaiƙayi.

Malamar kimiyyar halittu, Bajoga:
Baba Malam da Malam mai lambu, ku yi mini izini in shigo ta wata ƙofa. Ƙwarin da ake gudun gani a cikin ɓaure ba baƙi ba ne. Furannin ɓaure a cikin ɗan suke, a rufe, kuma wata 'yar ƙaramar halitta mai fiffike, dangin zanzaro, ita ce ke kutsawa ta ɗan ramin da ke bakinsa, ta kai garin fure, ta saka ƙwanta. Ba don ita ba, ɓauren dajinmu ba zai yi ƙwayar da za ta tsira ba. Da yawa daga cikin ire-iren ɓauren da ake dasawa a gida kuwa suna yin 'ya'ya ba tare da ita ba.

Damuwata dai ita ce yadda ake miƙa wannan karin magana har ta zama mayafin sakaci. Akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, suna zaune a ƙasa mai yashi da zafi irin tamu, suna shiga saiwar ɓaure su sa ta yi ƙulli-ƙulli har bishiyar ta tsumbure. Wanda zai sayi dashen da ya riga ya kama, ko aka ba shi kyauta, idan ya ce ba a tona ciki, ya kai gida bai duba saiwa ba, ya shigar wa sauran shukokinsa cutar da fitar da ita ke da wuyar gaske. Haka na sha jin ana toshe bakin mai neman bincike kafin a ƙulla aure ko a haɗa jari da wannan magana, kuma ban yarda magabata sun yi ta don haka ba.

Tsohon malamin Hausa, Kumo:
Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin taɓo wurin da nake so a kula da shi. Karin maganar da sharaɗi ta fara, ta ce idan ana ci, wato an riga an zaɓa, an karɓa, an kai baki. Ba ta hana mai tsinta ya juya ɓaure ya duba kafin ya ɗauka ba. Wanda ya kawo ta kafin ƙulla aure ko ciniki ya zalunce ta. Game da hujjar mai lambu kuwa, na karɓi rabinta: lalle tono yana jawo asara a wuraren biyu. Inda na tsaya shi ne, mai cin ɓaure ya san abin da ke ciki, ya zaɓi kada ya gani, shi kuwa mai dashe bai sani ba, kuma yana da haƙƙin ya sani. Waɗannan halaye biyu ne daban, ko da hani ɗaya ya haɗa su.

Mai lambu, Dadin Kowa:
Haƙƙin sanin nan, Allah ya gafarta Malam, ana iya biyansa ba tare da an taɓa reshen ba. A yanke gorar roba mai garai-garai, a huda gindinta, a kafa reshen a ciki, saiwa za ta nuna kanta a jikin robar idan ta iso. Wanda ya riga ya kafa a tukunyar ƙasa, kamar ɗanmu, sai ya riƙa leƙa hudar gindin, ko ya jira ganye na biyu da na uku su fito su tsaya ƙyam da rana. Ni dai har yanzu ina ganin kawun bai kauce ba, domin dattijo kan ɗauki maganar da yaro zai riƙe ne. Shawarar Malama kuwa na karɓe ta gaba ɗaya, kuma lokacin dubawar shi ne ranar da za a sauya wa dashen tukunya, a fito da shi da ƙasarsa dunƙule. Ɗana, idan cikin hunturu ka kafa su, ka kifa musu farar leda don iska ta daina busar da su, kana buɗewa kullum su sha iska, kuma kada ka mayar da su fili sai damina ta zauna.